Fim ɗin da Kawu Tanko Ya Ƙi Kallo

Tun da na dawo daga Ankara ban sha shayi da zafinsa ba. Da na zauna a teburin mai shayin unguwarmu sai wani ya matso ya ce in ba shi labari, kafin in tsallake iyakar farko shayin ya huce, gobe kuma wani ya zo a koma baya. Har an samu wanda yake yaɗawa wai Turkiyya na je. Ankara ta ƙasar Gana nake nufi, kuma a mota na je, gwiwoyina shaida ne. Shi ya sa na ce bari in rubuta shi gaba ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta.

Ga wanda bai san ni ba, malamin firamare ne ni a Kano, amma an fi sanina da sharhin fim da nake rubuta wa wata jaridar Hausa duk mako. An ce ba ni da sassauci, ni kuma ban musa ba. A silimar Indiya na girma, don haka fim ɗin da aka gama ba a yi waƙa ba, ba a hau doki ba, ba a mari kowa ba, a wurina an cuci jama'a ne kawai.

Ina da kawu a Gana, Alhaji Tanko, ƙanen mahaifiyata. Tun yana saurayi ya bi fataken goro ya tafi, sau ɗaya ya taɓa leƙo mu, shi ma a hanyarsa ta dawowa daga Makka. Abin da muka sani a gida shi ne yana da shagon huluna da carbi a Nima, wata unguwa a Ankara, kuma dattijo ne da ake jin maganarsa. Ana gab da hutun makaranta wani direban motar goro ya kawo mini saƙonsa da baki: in zo, akwai aikin da ni kaɗai zan iya yi masa, kuma kada in gaya wa Yayarsa komai ban da ziyara. Inna ta ɗaure mini kuka da daddawa da kilishi in kai wa ƙanenta, kamar an ce mata a can ba a miya.

Daga Kano zuwa Ikko ba abin faɗi, duk kun san hanyar, kun san mai maganin nan da ke tashi a tsakiyar bas da kwalba ɗaya mai warkar da basir da mantuwa. A Ikko na shiga fijo mai zuwa iyakar Gana, a nan Allah ya haɗa ni da Hajiya Adiza, 'yar kasuwa daga Nima mai safarar robobi da atamfa. Mace ce mai jiki, mai murya. Ba ta tambayi sunana ba sai da ta gama ɗora mini ƙullin bokitai a cinya. A iyakar Binin ta ce ni ɗanta ne, a ta Togo ta ce ƙanenta ne. Ni da ko kalmar Faransanci ɗaya ba na ji, duk abin da aka tambaye ni sai in gyaɗa kai, har yau ban san abin da na amsa ba.

A hanya ta tambaye ni wurin wa zan je. Da na ce Alhaji Tanko na Maamobi mai shago a Nima, sai ta juyo gaba ɗayanta ta ƙare mini kallo, ta tuntsire da dariya.

"Alhaji Tanko kawunka ne? Cale, ni na san shi tun yana budurwa."

Cale wai aboki ke nan a bakinsu. Zancen budurwa kuwa na ɗauka Hausarsu ce ta can, wadda ba ta damu da raba mace da namiji ba, sai na yi murmushi irin na malamin makaranta na ƙyale ta.

A Lome ake sauka a taka da ƙafa zuwa Aflawo, ƙofar Gana ke nan. Jakata irin mai layi-layin nan ce ja da shuɗi, wadda muka laƙaba wa sunan Gana tun shekarar da aka kori baƙi daga ƙasarmu, ni kuwa ban tuna da haka ba sai da na ɗora ta a kan teburin jami'in da ke duba fasfo. Ya dubi jakar, ya dube ni, ya tambaye ni da Turanci, cikin ladabi ƙwarai, me muke kiran irin wannan jaka a Najeriya. Na ce jaka muke ce mata. Ya kira abokin aikinsa ya maimaita masa, suka yi dariya har da hawaye, sannan ya buga mini hatimi ya yi mini maraba. Gumin da na yi a gaban teburin nan ya fi na dukan hanya.

Kafin a shiga Ankara, a bakin teku, na hango wani shago an jera ƙaton kifi na katako, da zakara, da mota, duk an shafe su da fenti suna ƙyalli. Na ce wa Hajiya Adiza yaran Gana sun more kayan wasa. Ta ce akwatunan gawa ne, masunci a kifi ake binne shi, direba a mota. Na yi salati, na tambaye ta malamin makaranta fa. Ta ce ta taɓa ganin alƙalami, in ina so ta yi mini ciniki.

Gidan Kawu a Maamobi, unguwar da ke manne da Nima, irin na can ne, tsakar gida ɗaya, ɗakuna kewaye, kowace ƙofa da ƙabilarta: Kotokoli, Zabarmawa, Mosi, Dagomba, kuma duk da Hausa suke faɗa a bakin famfo. Aka zaunar da ni, aka ba ni ruwa, sannan Kawu, wanda shi ya aiko a kira ni, ya gyara zama ya tambaye ni abin da ke tafe da ni. Na ce Kawu ai kai ka kira ni. Matarsa Hajiya Memuna ta ce haka al'ada take, ko wanda ya aike ka sai ya tambaye ka, kuma sai ka faro tun daga fitowarka gida. Mu a Kano sai baƙo ya ci ya sha ya huta kafin a tambaye shi, a can kuwa da ciwon baya da yunwa na ba da labarin tafiyar nan karo na farko.

Kawu dogo ne, farin gemu, ga tabon sujada a goshi, yana tafiya a hankali kamar mai tsoron taka tururuwa. Da muka fita sallar la'asar na ga girman da ake ba shi. Mata suna rusunawa, samari suna ɓoye taba, wani ya tare shi da rigimar haya, wata da maganar ɗaurin auren 'yarta. A masallacin unguwa wurinsa sananne ne, sahun gaba, dama da liman, kafaɗa da kafaɗa da wani tsoho siriri mai suna Malam Bawa. An gaya mini jikan malaman Katsina ne, kuma shi ne ya taɓa korar masu gidan bidiyo daga layin masallaci, ya kuma taɓa tsayar da kiɗan biki da sandarsa. Na gaishe shi da hannu biyu. Da ya ji aikin da nake yi wa jarida sai ya ce Allah ya shirye ni, ya juya.

Ranar Kawu bai ce mini komai game da aikin ba. Na lura dai abinci kaɗan yake ci, kuma ko'ina muka wuce ana gaishe shi da wata irin gaisuwa mai ɗan tsawo, ana haɗiye murmushi.

Da safe na bi layin gidan wanka da bokitina, don a can wanka ma sai ka fita unguwa, sannan na nufi wurin mai wakye. Wake da shinkafa ne, sunan ma namu ne suka murɗe, amma sun jiƙa shi da karan dafi ya yi ja, su zuba a ganye, su ɗora taliya da gari da ƙwai, abin da mu za mu ci a kwana uku su a ganye ɗaya. Akwai wani baƙin yaji mai mai da suke kira shito. Mai abincin ta ɗiga mini kaɗan, na ce ta ƙara, ni Bakano ne. Ta ƙara. Ba zan tsawaita ba, sai da wata mai koko ta ba ni kofi biyu kyauta, tana ce mini sannu Alata, wato sunan da suke kiran duk ɗan Najeriya.

Ina dawowa ina share hawaye na ga taro a jikin katangar makarantar unguwa. Fasta ce aka kafa, amma ba irin tamu ta takarda ba. Su buhun fulawa suke farkewa su ɗinke, a zana hoton da fentin mai. An zana wata ƙatuwar mace da ɗankwali, adda a hannun dama, maciji mai kai biyu a hagu, bayanta gida yana ci da wuta. Fuskar kuwa ta Kawu ce, har da gemun, mai zanen bai bar ko tabon goshi ba. A ƙasa an rubuta cewa fim ne da ya ci lambar yabo a ƙasar Turawa, za a nuna shi ranar Asabar bayan la'asar. Daga baya na ji mai zanen bai ga fim ɗin ba, kuma ba a saba sai ya gani ba. An ce masa Alhaji ya fito a mace, macijin da wutar shi ya ƙara don ɗaki ya cika.

Hajiya Memuna ce ta warware mini, tana tsince wake tana dariya. Ta ce a da, kafin bidiyo ya kashe kasuwarsu, akwai 'yan wasan da ake kira konsat, suna yawo gari-gari a babbar mota da makaɗa, su kafa dandali su yi wasan kwaikwayo da waƙa. A lokacin ba a ɗaukar mata, maza ke fitowa a mata. Jarin goron da Kawu ya zo da shi bai kai shekara ba ya ƙare, ya shiga cikinsu, ya zama Anti Asibi, wato Asabe, bazawarar Zango mai kaifin baki wadda in ta fara kuka sai kasuwa ta tashi. Daga Kumasi har Takoradi ba wanda bai san ta ba. Da wasan ya mutu ya buɗe shago, ya je Makka, ya tsayar da gemu. Tsofaffi suka yi masa kara suka manta, yara kuma ba su taɓa sani ba.

"Zanena nawa ya lalata, ka tambaye shi," in ji ta. "Amma tun da sun ce za su nuna abin nan a Nima, mijin nan bai ci abinci kirki ba koraa. Soro yake ji, soro paa." Tsoro take nufi, tsoro sosai.

Na samu Kawu a shago yana jera hulunan da suke a jere. Ya daɗe yana kewaye-kewaye kafin ya shiga maganar. Wani matashi ne da ya karanto harkar fim a waje ya yi ta zarya a bencin shagon har ya shawo kansa, da alkawarin cewa Turawa kaɗai za su gani. Kawu ya ɗauka ƙasar Turawa nesa ce. Da fim ɗin bai ci komai ba, da can zai ƙare. Sai ya ci lamba, rediyo ta faɗa, Nima ta ce ba ta yarda a nuna wa bare ɗanta ita ba ta gani ba.

Na tambaye shi me ya sa ya yarda tun farko. Ya ce shekara da shekaru yana zaune a shagon nan ana ce masa Alhaji, yana jin daɗi, amma akwai abin da ya iya wanda ba wanda ya iya kamarsa, kuma ya ji ba ya so ya mutu bai ƙara yi sau ɗaya ba. Shi kansa bai kalli fim ɗin ba, ya ƙi, kuma ranar Asabar ma ba zai shiga ba.

"Ɗan Yaya, an ce ba ka jin kunyar kowa in ka ɗauki alƙalami. Ka shiga ka gani. Na san bayan Asabar ƙila ba zan ƙara tsayawa a sahun gaba ba. In aikin ya yi kyau, zan iya ɗauka. In bai yi ba, to na sayar da girmana a banza."

Gaskiya tausayinsa ya kama ni, kuma na ji tsoro, don na san halina. Ban taɓa kallon fim ina roƙon Allah ya sa ya yi kyau ba sai wannan.

Ranar Asabar aka toshe tagogin babban ɗakin makarantar da tabarmi da buhuna don a samu duhu, aka tayar da janareta, aka haska majigi a jikin farin bango. Zafi kamar gidan burodi. Gaba samari ne da suka zo ganin maciji, baya 'yan kasuwa mata da kwandunansu, Hajiya Adiza a tsakiyarsu ta cinye wurin mutum biyu. Dattawan masallaci ko ɗaya bai shigo ba. Kawu yana tsallaken titi a shagon wani tela, ya juya wa makarantar baya, wai ya zo a rage masa wuyan riga.

To ga sharhina, tunda shi aka kira ni in yi. Labarin wani tsohon ɗan wasa ne da duniya ta manta da shi, yana gadin wani sito, sai wasu matasa suka nemo shi su farfaɗo da wasan, ɗansa kuma ya ce in ya ƙara ɗaura zane ba shi ba shi. Labari mai kyau, amma yaron da ya shirya shi yana da wata cuta ta son bango. Zai kafa kyamara a kan bango ya tafi ya sha ruwa ya dawo. Akwai inda aka nuna akuya tana tauna takarda har na fara tunanin ita ce ta ci lambar. Ba doki, ba mari, kuma an ci rabin fim ba wanda ya yi waƙa. Samari suka fara tambayar ina macijin, wani ya ce ƙila akuyar ce za ta rikiɗa. Ga wani marar ta ido daga waje yana ta ɗaga gefen tabarmar taga yana leƙe, haske na shigowa yana wanke hoton. Sau biyu na yi masa tsaki bai fasa ba.

Mutanen Gana kuma ba sa kallon fim da baki a rufe. Suna ba jarumi shawara, suna zagin mugu da sunan uwarsa, wata ma ta gargaɗi Kawu kada ya sha ruwan da ɗan nan ya miƙo masa. Ni da na saba tsawata wa mutane a silima, a nan na rasa wanda zan fara da shi.

Sai aka zo inda tsohon ya zauna gaban fasasshen madubi zai shirya. Ya aske gemu, ɗakin ya ɗauki salati. Ya shafa hoda, ya ja gira, ya ɗauko ɗankwali zai ɗaura, hannunsa ya kuskure, ɗaurin ya warware. Ya sake, ya ƙara warwarewa. Ya tsaya yana kallon hannuwan nan nasa kamar na wani ne aka ara masa, sannan a karo na uku ya ɗaura ya zauna daram, ya ɗago kai, sai ga wata mace da ban taɓa gani ba tana hararar mu. Na ga 'yan wasa da yawa suna kwaikwayon tsufa, ban taɓa ganin wanda ya nuna shi da yatsu kaɗai ba. A raina na ce wannan kuskuren hannu shi ne fim ɗin gaba ɗaya, kuma duk wanda ya tsara shi haka gwani ne. Samarin gaba ba wanda ya ƙara ambaton maciji.

Daga nan Anti Asibi ta hau dandali. Ta zazzage mai gidan haya, ta zazzage surukai, aka yi dariya har wani ya faɗo daga benci. Sai dangin miji suka watso mata kaya waje, ta zauna a kan ƙullinta ta fara waƙa a hankali, rabi Hausa rabi Tuwi, yaren mutanen can. Waƙa ɗaya tak a fim ɗin, kuma ni mai ƙorafin rashin waƙa ban nemi ta biyu ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma wannan karon ba shito ba ne.

Ana cikin waƙar na ga Hajiya Adiza ta miƙe da burodi a hannu ta nufi gaba. Na kusa da ni ya raɗa mini cewa haka ake yi a konsat, in ɗan wasa ya shiga wahala a dandali, 'yan kallo kan hau su ba shi abin da ke hannunsu. Ta isa gaban bangon, inuwarta ta rufe rabin hoton, ta miƙa burodin, ba hannun da zai karɓa. Ta tsaya jim, ta juyo ta tambayi ɗakin yana ina. Aka ce yana shagon tela. Ta bi ta tsakiyar mutane ta fice, wata mai lemo ta bi ta, wata mai ƙosai ta bi su, har aka bar ƙofa a buɗe haske ya cinye sauran waƙar.

Da aka tashi na tsallaka na same shi zaune, burodi da lemo da ƙullin dokunu, tuwon masararsu na can, sun cika masa cinya, tela ya rasa inda zai sa ido. Bai ga komai ba amma ya san inda aka kai, ya ce mini tun da ya hango Adiza da burodi ya san an watso kayan ke nan. Ya tambaye ni da ido. Na gaya masa gaskiya: fim ɗin ya yi tsawo, akuyar ta yi yawa, yaron nan a raba shi da bango, amma abin da shi ya yi ban taɓa ganin irinsa ba, ko a Indiya. Ya sauke ajiyar zuciya. Sai aka kira magariba, fuskarsa ta koma yadda take da safe, don matan kasuwa ba su ne sahun gaba ba.

Ya ja alwala yadda ban taɓa ganin an ja ta ba. Muna tafe samari suna buɗa masa hanya, ba wanda ya yi dariya, amma ba wanda ya gaishe shi, kowa yana jiran ya ga abin da manya za su yi. Muka isa an tayar da iƙama. Kawu ya tsaya a can baya wajen takalma, inda masu makara ke tsayawa, ya sunkuyar da kai. Ni ma na tsaya kusa da shi.

Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, a cike gurbi. A sahun gaba, gefen Malam Bawa, akwai gurbin mutum ɗaya. Wani daga sahu na biyu ya taka zai shiga, Malam Bawa ya miƙa hannu ya tare shi ba tare da ya waiwayo ba. Liman ya maimaita. Malam Bawa bai matsa ba, ya dai tsaya yana kallon gabansa. Aka fara waiwaye ɗaya bayan ɗaya, har sahu ya tsage da kansa. Kawu ya bi ta tsakiya a hankali ya shiga wurinsa, liman ya yi kabbara.

Bayan an sallame muna neman takalma a bakin ƙofa sai ga Malam Bawa yana dogara sandarsa. Ya tsaya gaban Kawu, fuskar nan ba annuri. Ya ce shi dai kowa ya san ba ya shiga irin waɗannan wurare, wucewa ya zo yi ta bayan makaranta, ya ga tabarmar taga ta karkace ya tsaya gyarawa. Na dubi rawaninsa, na tuna tsakin da na yi, na koma bayan Kawu.

"Alhaji, ka tsufa," in ji shi. "Wasan da ka yi a garin Nsawam muna samari, sau ɗaya ka ɗaura ɗankwalin nan ya zauna. Yau sai da ka yi uku."

Kawu ya dube shi ya ce, "Da gangan ne, Malam. Mutumin cikin labarin ya daɗe bai ɗaura ba."

Malam Bawa ya auna maganar kamar an kawo masa fatawa. Can ya gyaɗa kai.

"To in da gangan ne, ka iya. Allah ya yafe mana baki ɗaya."

Ya juya ya tafi. Kawu yana tsaye da takalmi ɗaya a hannu, ɗaya a ƙafa, har tsohon ya sha kwana. Na ce masa ai ni ma wurin nan na fi yabawa, kuma da shi zan buɗe sharhina. Ya jawo ni kusa, idonsa ya cika, ya yi ƙasa da murya.

"Ba da gangan ba ne, ɗan Yaya. Hannun ne ya ƙi." Ya sunkuya yana sa takalminsa. "Amma ka ji dai ya ce na iya."